In Mai Ƙaramar Sana'a Ya Ci Shari'a, Wa Zai Biya Lauyansa?

Duk wanda ya ratsa unguwar Hammadu Kafi ta birnin Gombe da hantsi, ko kuwa wata unguwa irinta a Kano ko Zariya ko Sakkwato, ba zai rasa jin ƙugin injin niƙa ba, ko ganin tartsatsin masu walda, ga masu buga bulo, ga kafintoci, kowane maigida da yaransa uku ko huɗu suna neman abin sakawa a bakin salati. Ba wanda zai kira irin waɗannan rumfuna masana'antu, amma dokar ƙasa haka ta kira su. Dokar Masana'antu, wadda gwamnatin soja ta kafa a matsayin Doka ta 16 ta shekarar 1987, kuma aka shigar da ita kundin dokokin Tarayya na 2004, ta ce duk wurin da aka ɗauki ko da mutum ɗaya aikin ƙera wani abu, ko gyara shi, ko sarrafa shi domin ciniki, to, wannan wuri masana'anta ne. Watau sufeton Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya yana da ikon shiga rumfar mai walda kamar yadda yake da ikon shiga kamfanin siminti na Ashaka.

Ikon nan kuwa ba ƙarami ba ne. In sufeto ya ga abin da zai cuci ma'aikaci, yana iya ba mai wurin takardar umurni cewa ya gyara cikin wani wa'adi. In ya ga haɗarin ya yi tsanani, yana iya ba da takardar hana aiki da injin ko da wurin duka, har sai an gyara. Yana kuma iya kai mutum kotu. Ban da sufeton Tarayya, akwai duba-gari, akwai hukumar tsabtace muhalli ta jiha, akwai 'yan kwana-kwana, ga kuma hukumar NAFDAC ga masu gidan burodi da masu ruwan leda, kowa da takardarsa da kwaɗonsa. Doka ta ba wanda aka yi wa umurni damar ɗaukaka ƙara in yana ganin ba a yi masa daidai ba. Tambayar da dokar ba ta amsa sosai ba ita ce: in ya ɗaukaka ƙarar, ya ci, wa zai mayar masa da kuɗin da ya kashe?

Kafin a shiga wannan magana, lalle ne a ba aikin dubawa haƙƙinsa. A cikin watan Satumba na shekarar 2002 gobara ta tashi da dare a wani kamfanin roba da ke Ikorodu a Jihar Legas, ma'aikata gommai suka hallaka, rahotanni kuma suka nuna cewa ƙofofin fita a kulle suke. Ba sai an je Legas ba ma. Kowace unguwa tana da labarin yaron da bel ɗin injin niƙa ya fizgi rigarsa, ko wanda zarto ya raba da yatsunsa, ko tukunyar gas da ta fashe a rumfar walda. Yaran shago su ne masu rauni a wannan ciniki, ba su da ƙungiya, ba su da lauya, sau da yawa ma ba su da takardar ɗaukar aiki. Sufeto mai gaskiya shi ne gatansu. Saboda haka duk shawarar da za ta karya gwiwar sufeto irin wannan, ba shawarar kirki ba ce.

Amma fa sufeto ɗan Adam ne, ajizi. Yana iya kuskuren fahimtar doka, yana iya auna ƙaramar rumfa da ma'aunin babban kamfani, yana iya karɓar tsegumin maƙwabci mai hassada ba tare da bincike ba. A nan ne lissafi ke shiga. A ƙaddara, a bisa misali, an rufe wa mai buga bulo wurinsa kan laifin da bai yi ba, aka ce ya biya Naira dubu 50 a buɗe. Ya je wurin lauya, lauya ya ce aikin zai ci Naira dubu 300, ban da kuɗin shigar da ƙara, da kuɗin mota, da kwanakin da za a yi ana ɗage shari'a alhali wurin yana rufe, masu gini sun koma saye wani wuri, yara sun watse. Ko da gaskiyarsa ta fi rana fitowa, mai hankali ba zai sayar da saniya don ya fanso akuya ba. Zai biya, ya yi shiru, ya bar wa Allah.

Ɓarnar da ke cikin wannan shiru ta wuce aljihun mutum ɗaya. Na farko, kuskuren da ba a ƙalubalance shi ba, gobe shi ne zai zama al'ada. Na biyu kuma, wanda ya fi muni, in hanyar kotu ta fi tsada, sai hanyar bayan gida ta zama mai araha. Mai sana'a ya miƙa na goro, ma'aikacin da ba ya tsoron Allah ya karɓa, takarda ta ɓace. Ranar da aka saba da haka kuwa, mai laifi da marar laifi farashinsu ɗaya. Wanda ya bar injinsa ba murfi ya biya ya wuce, wanda ya rufe nasa shi ma ya biya ya wuce, don haka ba wanda ya ga amfanin kashe kuɗi wajen sayen murfi. Ƙarshenta yaron shagon nan da aka kafa dokar dominsa shi ne ke kwana ciki.

Abin Da Kotunan Ƙasar Nan Suka Ce

Nijeriya ta gaji ƙa'idar Ingila wadda ta ce wanda ya faɗi shari'a shi ke biyan ɗawainiyar wanda ya ci. A takarda maganar tana da daɗin ji. A aikace kuwa, abin da alƙali kan yanka da sunan ɗawainiya sau da yawa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ne, ba ya ko kusa da abin da aka ba lauya. Game da kuɗin lauya shi kansa, kotuna sun daɗe suna kai-da-kawo. A shekarar 2000, cikin shari'ar kamfanin Guinness da Nwoke, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ɗora wa abokin shari'a kuɗin lauyan da mutum ya ɗauka ya saɓa wa ɗa'ar aiki da maslahar jama'a. A 2004, cikin shari'ar Nwanji da kamfanin Coastal Services, Kotun Ƙoli ita ma ta ƙi amincewa da irin wannan buƙata. Sai a 2014, cikin shari'ar bankin Union da Chimaeze, Kotun Ƙolin ta tabbatar da hukuncin da ya ba mutum kuɗin lauyansa, domin ya roƙe shi a fili cikin takardun ƙararsa a matsayin asara ta musamman, ya kuma kawo shaidar biya. Watau ƙofar ta buɗe kaɗan, amma ba wanda zai rantse wa mai sana'a tun farko cewa zai shiga ta cikinta.

In abokin shari'ar hukuma ce, sai tudu ya ƙaru. Dokar Kare Ma'aikatan Gwamnati, wadda asalinta tun zamanin Turawa ne, ta ce wanda zai yi ƙarar ma'aikaci kan abin da ya aikata a bakin aikinsa, dole ya shigar da ƙarar cikin wata uku, in ya wuce, shi ke nan. Dokar nan kuma ta ce in ma'aikacin ne ya ci shari'ar, yana da haƙƙin karɓar duk ɗawainiyar da ya yi ta halal wajen kare kansa daga hannun mai ƙara. Mai karatu ya lura da wannan: doka ta rubuta wa ma'aikaci haƙƙin mayar masa da kuɗinsa baƙi da fari, ba ta rubuta wa talakan da ya ci shari'a irinsa ba. Bayan haka, ko da kotu ta yanke cewa hukuma ta biya, sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce ba za a taɓa kuɗin da ke hannun ma'aikacin gwamnati a bisa muƙaminsa ba sai da yardar Atone-Janar, watau sai babban lauyan wanda ake bi ya yarda a karɓa. In kuwa tuhumar laifi aka yi wa mai sana'ar, kotu ta sallame shi, ba a saba ba shi ko kwabo ba. Sallamar ita ce ladansa.

Yadda Amurka Ta Ɓullo Wa Abin

Ba ƙasar nan kaɗai ta gamu da wannan matsala ba. A Amurka al'adar kotu ma ta fi tsanani, domin can kowa shi ke biyan lauyansa, ya ci ko ya faɗi. A ƙarshen shekarar 1970 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar kare lafiyar ma'aikata a wuraren aiki, wadda ta haifi hukumar OSHA a 1971. Dokar ta ba wanda aka tuhuma kwana 15 na aiki ya ƙi amincewa, sa'an nan maganar ta je gaban wata hukumar sauraron ƙara mai zaman kanta, wadda ba ta ƙarƙashin masu tuhumar. Ba a daɗe ba sai masu ƙananan sana'o'i suka fara kuka irin wanda ake yi nan: gwamnati tana da lauyoyi masu albashi, su kuwa kowace sa'a ta lauya daga jarinsu take fita, don haka biyan tara ya fi musu sauƙi ko da ba su yi laifi ba.

A cikin watan Oktoba na 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a wata doka mai suna Dokar Daidaita Damar Samun Adalci, ta fara aiki a 1981. Da farko ta gwaji ce mai wa'adi, sai a 1985 aka mai da ita ta dindindin. Tsarinta abin nazari ne. Ba kowa take rufa wa baya ba: mutum ɗaya sai in dukiyarsa ba ta wuce dala miliyan 2 ba, kamfani kuma sai in dukiyarsa ba ta wuce dala miliyan 7 ba, ma'aikatansa ba su wuce 500 ba. In irin wannan ya ci shari'a tsakaninsa da hukumar Tarayya, yana da kwana 30 ya nemi a biya shi kuɗin lauya da na ƙwararrun shaidu. An kuma yanka wa kuɗin lauyan iyaka, dala 75 a sa'a da farko, aka ɗaga zuwa 125 a 1996, don kada abin ya zama kasuwar lauyoyi. Kuɗin kuwa daga kasafin hukumar da ta yi tuhumar yake fita, domin wanda ya ci ladan kuturu shi ke yi masa aski.

Sai dai akwai sharaɗi guda wanda shi ne ƙashin bayan dokar. Hukuma ba za ta biya ba in ta nuna cewa matsayinta yana da hujja mai ƙarfi, ko da ta faɗi shari'ar. Nauyin nuna hakan a kanta yake, ba a kan mai sana'a ba. A 1988, cikin shari'ar Pierce da Underwood, Kotun Ƙolin Amurka ta fassara sharaɗin da cewa ana nufin hujjar da mai hankali zai gamsu da ita, ta fuskar doka da ta fuskar abin da ya faru. Masu sana'a da yawa sun ga sharaɗin nan ya zama ƙofar kuɓuta ga hukuma. Shi ya sa a 2004 da 2005 Majalisar Wakilan Amurka ta zartar da ƙudurin da zai sa a biya ƙaramin kamfanin da ma'aikatansa ba su wuce 100 ba muddin ya kayar da OSHA, ko tana da hujja ko ba ta da ita. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi tsaye a kan cewa hakan zai sa sufetoci su riƙa jin tsoron tuhumar kowa sai inda nasara ta tabbata, alhali shari'a mace ce da ciki, mai gaskiya ma yakan faɗi don shaidarsa ya ƙi zuwa. Ƙudurin bai tsallake Majalisar Dattawa ba, bai zama doka ba.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne cewa akwai rami a dama, akwai rami a hagu. In aka ce ba za a taɓa biya ba, an bar mai ƙaramin ƙarfi a hannun kowane mai hula. In aka ce a biya duk lokacin da hukuma ta faɗi, an ɗaure hannun sufeto mai gaskiya, an gudu wa gara an faɗa gidan zago. Hanyar tsakiya ita ce a biya wanda aka wahalar ba bisa hujja ba.

Wannan ra'ayi kuwa ba baƙo ba ne ga alƙalan ƙasar Hausa. Littafin Tuhfatul Hukkam na Alƙali Ibn Asim, mutumin Garnada ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu a 1426, kuma wanda alƙalan Arewa suka daɗe suna hukunci da shi, ya yi maganar ladan ɗan aiken kotu da ake turawa ya kirawo wanda ake ƙara. Asali ladan yana kan mai neman haƙƙi, amma in wanda ake ƙarar ya yi taurin kai ya jawo ɗawainiyar da gangan, sai ladan ya koma kansa. Ma'aunin a nan ba wa ya ci wa ya faɗi ba ne kurum, ma'aunin shi ne wa ya jawo wahala ba dalili. Malaman Malikiyya sun riga Majalisar Amurka zuwa wannan wuri da shekaru fiye da ɗari biyar.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Maganar kare lafiyar ma'aikata a masana'antu tana cikin jerin ikon Gwamnatin Tarayya, kuma gyaran tsarin mulki na uku, wanda ya fara aiki a 2011, ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron shari'o'in da suka taso daga Dokar Masana'antu. Saboda haka gyaran farko aikin Majalisar Tarayya ne. Dokar 1987 ta tsufa ta kowace fuska. Tarar da ta yanka wa mai masana'antar da sakacinsa ya jawo mutuwar ma'aikaci ba ta wuce Naira dubu 5 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, kuɗin da a yau ba zai sayi buhun siminti ba. Duk ranar da aka sabunta dokar, tara za ta hau, kuma daidai ne ta hau. Amma gwargwadon yadda sandar hukuma ta yi kauri, gwargwadon haka ya kamata garkuwar marar laifi ta yi kauri. Lalle ne sabuwar doka ta ƙunshi sashe mai cewa in mai ƙaramar sana'a ya ci shari'a, kuma hukuma ta kasa nuna hujja mai ma'ana, to, a mayar masa da kuɗin lauyansa bisa ma'auni sananne, daga kasafin hukumar, cikin wa'adi ƙayyadadde, ba tare da jiran yardar Atone-Janar ba. Ma'aunin ba zai yi wuyar samu ba, tun da a 2023 an fitar da umurnin da ya tsara mafi ƙarancin ladan lauyoyi a ƙasar nan.

Gyara na biyu yana hannun jihohi, domin mafi yawan kwaɗon da ake saka wa ƙananan rumfuna na hukumomin jiha ne da na ƙananan hukumomi. A nan Jihar Gombe tana da abin faɗa. A rahoton majalisar Shugaban Ƙasa mai kula da sauƙaƙa harkokin kasuwanci na 2021, Gombe ce ta zo ta ɗaya cikin jihohi, ta kuma maimaita a 2023. Sauƙin kasuwanci bai tsaya ga saurin yin rajista ko samun takardar fili ba. Yana kuma nufin mai injin niƙa a Hammadu Kafi ya san cewa in an rufe masa wuri bisa kuskure, akwai inda zai je a saurare shi cikin kwanaki, ba watanni ba, kuma gaskiyarsa ba za ta cinye jarinsa ba. Legas ta kafa kotunan ƙananan ƙararraki a 2018, Kano ta bi a 2019, inda mutum ke iya tsayawa da kansa ba lauya. Waɗannan na bin bashi ne, amma ba abin da zai hana Majalisar Dokokin Jiha ta kafa irin wannan zaure mai sauƙi domin sauraron kukan wanda aka ba takardar rufewa, ƙarƙashin majistare, ba ƙarƙashin hukumar da ta rufe ba. Ɗawainiyar da ba a yi ba ta fi wadda aka mayar.

Kafin gwamnati ta motsa, su ma masu sana'a suna da nasu aiki. Na ɗaya, a gyara abin da yake na gyara: murfin bel, tabarau da safar hannu ga mai walda, tukunyar kashe gobara, ƙofar da ba a kulle ta ana aiki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma mai neman adalci ya fara yi wa yaransa. Na biyu, kada a karɓi umurnin baki. A nemi takarda mai ɗauke da sunan ma'aikacin, da sashen dokar da aka ce an karya, da kwanan wata, duk kuɗin da aka biya kuma a karɓi rasit na gwamnati. Na uku, a tuna da wata ukun nan, kada a ɓata su wajen bin manya ana roƙo. Na huɗu, wanda ya ɗauki lauya ya rubuta yarjejeniya, ya adana rasit, ya kuma tabbata lauyan ya roƙi kuɗin a fili cikin takardun ƙara, domin ta wannan ƙofa ce aka samu biya a shari'ar 2014. Na biyar, ƙungiyoyin masu walda da kafintoci da masu bulo, waɗanda suka iya tara kuɗin biki da na ta'aziyya, za su iya ware asusun shari'a su riƙe lauya ɗaya, domin tsintsiya ɗaure take shara. Hukunci ɗaya mai kyau da ƙungiya ta samo zai amfani ɗaruruwan rumfuna da ba su taɓa taka kotu ba.

Sufeto mai gaskiya ba shi da abin tsoro a cikin wannan tsari, hasali ma shi zai fi kowa cin moriyarsa, domin takardarsa za ta yi nauyi in jama'a sun san cewa ba a rubuta ta sai da hujja. Wanda zai yi asara shi ne mai rufe wuri don a zo a gan shi. Haƙƙin ɗaukaka ƙara da aka rubuta a doka, in mai shi ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba, daidai yake da rijiyar da ba guga. 'Yan majalisa na Abuja da na Gombe suna da ikon ɗaura gugan, kuma ba zai ci wa gwamnati kome ba sai a ranar da ma'aikacinta ya wahalar da talaka ba dalili. Allah ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.